An cire maƙoƙon, ashe da sauran rina a kaba

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya sami yayata, ko wani zai tsira da shi.

A 2021 wani ƙulli ya fito mata a gaban wuya. Kowa ya ce maƙoƙo ne, har gwaggonmu ta kawo rubutu da garin shafawa. Sai da aka zuƙo ɗan ruwansa da siririyar allura aka auna, sannan aka ce ciwon daji ne na tayirod, wato ɗan naman da ke gaban wuya mai yin sinadaran daidaita aikin jiki, nau'in papilari, wanda ya fi yawa kuma ya fi jin magani. Aka cire tayirod ɗin gaba ɗaya da kaluluwar da ke kewaye, aka ɗora ta kan ƙwayar levothyroxine, mai maye gurbin aikin tayirod, kowace safiya kafin karin kumallo. Muka yi sadaka, muka ce an gama.

Likita ya ce ta riƙa zuwa awon jini na tayiroglobulin, sinadarin da tayirod kaɗai ke yi. Tunda an cire, in ya ƙaru a jini to akwai sauran cutar da ta ɓuya. Ni da bakina na ce mata ta bar ɓarnar kuɗin mota, ai lafiyarta lau. Allah ya sa ba ta ji maganata ba.

Bara awon ya fara hawa. Aka yi mata sikanin wuya sau 2, ba a ga komai ba. Da aka yi hoton CT, mai nuna cikin jiki dalla-dalla, sai ga kaluluwa guda can bayan maƙogwaro, kusa da gindin ƙoƙon kai, inda hannu ba ya laluba, sikanin ma ba ya hangowa. Likitan ya ce yawanci cutar tsakiyar wuya da gefensa take bi, amma wani sa'in, musamman bayan aiki ya toshe mata hanyar da ta saba, sai ta ɓulla a nan ko a ƙarƙashin haɓa.

Roƙona ga likitocinmu: ku yi wa majinyaci wannan bayani da Hausa tun ranar sallama, a gaban danginsa, don mu ne masu hana shi komawa. Yaya dai an sake yi mata aiki, muryarta ta ɗan dushe, wata mai zuwa za ta koma awo. Ni zan raka ta.

Daga wata mai karatu, Gusau