Sanarwa kan ranar al'ada da muhawara

Assalamu alaikum ƴan uwa, ya muka ji da zafi?

Ranar Asabar mai zuwa, in sha Allahu, za mu yi taronmu na al'ada a sabuwar jami'ar Bayero, hanyar Gwarzo. Kowa ya zo da shigar garinsu, ƴan mata kuma kar a manta da lalle. Masu kawo zoɓo da kunun aya, don Allah ku ƙara ƙanƙara. Bara kafin azahar duk sun koma kamar ruwan wanka.

Muhawarar mun mayar da ita bayan la'asar, ranar bazarar nan ba ta wasa. Bitar jarrabawa tana nan Laraba a tsohuwar jami'a.

Ƙarfe 9 za a fara taron al'adar, ba za mu jira kowa ba. Wanda bai ba da gudummawa ba ya nemi ma'aji.