Haba Edita, Baƙonku Ya Yi Mana Shaci-Faɗi A Kan "Da"

Assalamu alaikum Malam Edita,

Gaskiya shirinku na daren Lahadi ya ɓata min rai, kuma ba kowa ya jawo ba sai wannan baƙon naku da ya samu wuri ya miƙe ƙafa yana ta zuba wai tunda akwai kalmar "da" a Rashanci da Jamusanci da Italiyanci to duk a Hausa suka kwasa. Haba jama'a! Shi kuma mai gabatarwa ba abin da yake cewa sai "ikon Allah, ikon Allah", ko tambaya ɗaya bai jefa masa ba.

Ni a Rasha na yi karatu, wannan "da" ɗin har ta ishi kunnena, a aji, a bas, mutum zai kafa waya a kunne yana da, da, da yana gyaɗa kai, kuma eh yake nufi. Wanda ma ya fi ba ni mamaki wani ɗan Jojiya ne da muka zauna ɗaki ɗaya, don su a yarensu "da" tana haɗa abu biyu kamar tamu sak, sannan kuma ita ce kalmar 'yar'uwa mace. Mun sha dariya a kai, yakan ce min ashe kai ɗan'uwa ne, amma daga ni har shi mun san tsokana ce, don in ka cire wannan kalma ɗaya ko barka da asuba ba ma ganewa a bakin juna. Da baƙonku ya haɗu da shi wallahi da tuni ya ce mutanen Tibilisi, babban birnin Jojiya, Hausawa ne da suka ɓata a hanya.

To ya gaya mana mana, "da" ta Sinanci da ke nufin babba ita ma tamu ce? Ta Biyetnam fa, wadda ke nufin fata? A yaren mutanen Wales "da" mai kyau ce, Baturke in ya ce "o da" shi ma yake nufi, a Italiyanci daga ce, ta Sifaniyanci kuwa yana bayarwa ce kuma an san daga ina ta taso, daga "dare" ta Latin. Baƙi ɗaya ne fa da wasali ɗaya, harsunan duniya kuma sun kai wajen 7000, kusan kowanne yana da a, da yawa suna da d, ta yaya ba za a yi kiciɓis ba? Mu kanmu a Hausa "da" ta Audu da Bala daban, ta mutanen da daban, ta da na sani daban, shi kuwa har da ɗa na haihuwa ya cusa a ciki ya ce duk ɗaya ne, mutumin da bai bambance d da ɗ ba shi ne zai koya mana asalin harsuna?

Masana sun daɗe da gama wannan aikin, tun 1963 masanin harsuna Joseph Greenberg ya fitar da rabe-raben harsunan Afirka, Hausa tana cikin dangin Cadi tare da su Bolanci da Angas da Tangale, na nesa kuma su Larabci da Ibrananci da Somaliyanci. Rashanci ba ya wannan gidan ko kaɗan. In aro ake magana ai yana barin sawu, alƙalami daga Larabci muka karɓa har da al ɗinsa, su kuma Larabawa daga "kalamos" ta Girkanci suka samo. Wannan ana iya bin diddigi, ba wai na ji ya yi kama ba. Abin haushin ma yarona yana zaune yana ji, washegari ya tafi makaranta yana bugun ƙirji wai Rashawa yarenmu suka sata, sai da na zaunar da shi na warware masa. Don Allah ku nemo masanin harshe na gaske ya zo ya gyara wannan ɓarnar, jami'o'i cike suke da su.

Sannan wannan kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin magana ku rage shi mana, ya fi muryar masu kiran waya ƙarfi, dattijon nan da ya kira yana son ya musa wa baƙon ko rabin maganarsa ba mu ji ba kuka yanke kuka sa talla.

Naku,
Mai sauraro na kullum