A ba mu bashin sola, mu riƙa biya da kuɗin da fetur ke ci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in faɗi abin da ke damun mata ire-irena a garin Kaduna. Ni mai sayar da ƙanƙara ce da zoɓo da kunun aya a Unguwar Sanusi. Firiza biyu gare ni, da su nake riƙe marayu huɗu tun da Allah Ya karɓi ran mahaifinsu. Wanda ya san sana'ar nan ya san in babu wuta, to babu ciniki.

Har yau ban manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Mando, Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu. Daren da wutar ta tafi na riga na markaɗa aya da dabino da kwakwa, na tace, na ɗura a gorina, na jera su a firiza. Kunun aya kuwa ba ya jira. Kafin azahar ta washegari gorinan sun kumbura, da na buɗe ɗaya sai ya yi tsiri, warin tsami ya cika ɗakin. Da hannuna na riƙa juye su a kwata ɗaya bayan ɗaya, ƙaramar 'yata tana tsaye tana cewa, "Umma, ki bar mini ko rabin gora." Ranar na yi kukan da na daɗe ban yi ba.

Za a ce ai ga janareta. Ƙaramin nan na kunna fanka da cajin waya ba ya iya tayar da firiza, sai babba, shi kuma babban shan mai yake yi ba ƙaƙƙautawa. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Yanzu in na kunna janareta don in daskarar da ƙanƙara, ribar da uwar kuɗin duk gidan mai nake kai wa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a garin nan namu matatar mai take, wadda aka buɗe a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana, ga ta can ta hanyar Kachia shiru shekara da shekaru. Tashar wutar Kudenda mai megawat 215 ma tun 2009 muke jin labarinta.

Amma ba don kuka kaɗai na rubuto ba. Na ga mafita da idona. Wata maƙwabciyata ɗanta ya haɗa mata sola: faranti huɗu a kan rufi, da firiza irin wadda ke aiki da hasken rana. Tun hantsi firizar ke ja, kafin la'asar ruwan ledoji ya fara kamawa. Da dare ƙanƙarar da kanta ke riƙe sanyin, muddin ba a yawan buɗe murfi, shi ya sa ba ta buƙatar tulin batura. Kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke gasa mutane kowa na neman ruwan sanyi, a lokacin ne rana ta fi ƙarfi. Ba zan ɓoye ba, a Agusta in hadari ya rufe sama aikin yana ja baya, da hunturu kuma sai ta sa yaro ya hau ya goge ƙurar da ta lulluɓe farantan. Duk da haka ba ta san layin gidan mai ba.

To me ya hana mu saye? Kuɗin a dunƙule ake nemansa. Mun gwada adashi, mu goma sha biyu, amma kayan daga waje ake shigo da su, dala ke juya farashinsu. Kafin kwasarki ta zo, abin da aka faɗa miki a farko ya tashi. Banki kuma jingina yake nema da ruwa a kai, mu kuwa ba mu da takardar fili, ba ma kuma son kuɗin ruwa. Ɗaya daga cikinmu da ta kwasa ta je ta sayo batura masu araha, ashe tsofaffi ne aka yi wa fenti, ba su yi wata huɗu ba suka mutu.

Don haka nake kira ga gwamnatin Jihar Kaduna, tunda dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi hurumi a harkar wuta, da ta duba mu. Ba kyauta muke roƙo ba. A ba mu kayan sola bashi mara ruwa ta hannun ƙungiyoyin mata, mai unguwa ya tsaya shaida, mu riƙa zuba abin da muke kashewa a fetur duk mako har mu gama. A sa ido a kan masu sayar da jabun batura. A koya wa matasan kasuwar Panteka haɗawa da gyara, su da hannunsu ya saba da ƙarfe da waya, don kar kayan solar su lalace mu rasa mai duba su. Teloli da masu aski da masu cajin waya ma irin wannan buƙatar gare su.

In aka buɗe rajista, Edita, ni da sauran matan adashinmu a shirye muke, littafin zubinmu na nan duk wanda ke son ganin ko muna cika alkawari ya zo ya duba.

Wassalam.

Wata mai sana'ar ƙanƙara,
Unguwar Sanusi, Kaduna