Godiya ga shagon da ya hana ni sayen safar hannu mafi tsada

Zuwa ga ma'aikatan shagon kayan baburan ƙanƙara da ke Rovaniemi, ƙasar Finlan, musamman dattijuwar da ke kula da ɓangaren tufafi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya kuma sanyi? A garinmu idan aka yi wa mutum wannan tambaya sai ya ce lokacinsa ne. Ku kam lokacinsa ya kan cinye muku kusan rabin shekara.

Ni ne ɗalibin nan na Jami'ar Lapland da ya shigo muku a farkon Janairu yana hura yatsu. Haifaffen Sakkwato ne ni, inda ake hura wuta a ƙofar gida da zarar hunturu ya ɗan busa. Kwana biyu kafin zuwana, abokan karatu sun ja ni hawa babur ɗin dusar ƙanƙara, wanda kuke kira moottorikelkka, a kan kogin Ounasjoki da ya daskare. Na saka safar hannu ta auduga har guda biyu, ɗaya kan ɗaya, ina ganin na yi dabara. Ba a yi rabin awa ba babban yatsana na dama ya mutu murus. Da muka koma ɗaki jini ya fara komawa cikinsa, sai da na yi hawaye a gaban mutane, ƙato da ni.

Saboda haka na shigo da niyya guda: in ɗauki wadda ta fi kowace kauri, ko nawa ne kuɗinta. Har na ɗauko ta na nufi wajen biya. Dattijuwar nan, Mama, kamar yadda na riƙa kiranta tana dariya, ta tare ni da tambayoyi. Ni zan tuƙa ko goya ni za a yi? Hannun babur ɗin yana da na'urar ɗumamawa? Awa nawa zan yi a waje? Tafin hannuna yana yawan gumi? Sannan ta kai ni wajen wani babur ƙirar Lynx da ke tsaye a tsakiyar shagon, irin waɗanda ake ƙerawa a nan cikin Rovaniemi, ta ce in hau da wannan ƙatuwar safar in kama.

Nan na ga wautata. Totur ɗin wannan babur ba murɗa shi ake yi ba kamar na 'yan acaɓa, da babban yatsan dama ake danna shi, birki kuma yana hagu. Da safar da na zaɓa ko jin totur ɗin ba na yi, yatsuna ma da ƙyar suka kai ga birki. Ta yi mini bayani cewa yawancin baburan yanzu suna da ɗumi a marikinsu da kuma wurin da babban yatsa ke dannawa, don haka safa mai kaurin tafi tare wannan ɗumin take yi, ya kasa isa ga fata. Ga shi kuma tana sa mutum ya damƙe mariƙin da ƙarfi, jini ya ragu a yatsu, sanyi ya samu ƙofa. Matuƙi yana buƙatar tafi mai ɗan shara-shara, kaurin kuma a tara shi a bayan hannu, domin nan ne iska ke bugawa.

Zancen iskar nan shi ya fi tsaya mini a rai. Doka a Finlan ta yarda a yi gudun kilomita 60 a awa a kan hanyoyin da aka ware, 80 kuma a kan daskararren ruwa. Idan ma'auni ya nuna digiri 20 ƙasa da sifili, kana gudun kilomita 60, abin da fatarka ke ji ya kai kusan 36 ƙasa da sifili. A irin wannan yanayi fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin ƙasa da rabin awa. Shi ya sa ta dage sai mai dogon wuya, wadda ke hawa kan hannun riga a tsuke ta da igiya, don kada iska ta sami kafa a wuyan hannu.

Mun gwada wajen guda shida. Kowace na saka sai ta matsa bakin yatsun ta ji ko akwai ɗan sarari, ta sa in dunƙule hannu in buɗe. Matsattsiyar safa, in ji ta, ta fi siririya sanyi, domin iskar da ke maƙale a ciki ita ce ke riƙe ɗumi. Ta nuna mini yadda ake karanta lambar da ke jikin takardar Thinsulate, abin riƙe ɗumin da ake cusawa a cikin safa, wato nauyinsa da giram a kowace murabba'in mita, da amfanin shimfiɗa irin ta Gore-Tex mai hana ruwa shiga amma ta bar gumi ya fita. Ta haɗa mini da wata siririya ta ulun tumakin merino da ake sakawa daga ciki. Auduga kuwa ta ce in bar ta a ɗaki, tunda shan gumi take yi ta riƙe, sai ta koma kamar ka naɗe hannu da jiƙaƙƙen tsumma.

Wadda muka tsaya a kanta tafinta fatar akuya ne. Da na ji haka na ce mata ai mu ne masu akuya, na ba ta labarin jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta daɗe da yin suna a kasuwannin Turai. Ta saurara har ƙarshe, alhali ga wasu masu saye suna jira. Kuɗin safar bai kai na wadda na fara ɗauka ba, nesa ba kusa ba. Da rarar ta ba ni shawara in sayi irin wadda ba ta da rabe-raben yatsu, in ajiye a jaka. Ita ta fi ɗumi tunda yatsu huɗu suna wuri guda, ta dace da wanda aka goya, ko matuƙi idan an tsaya hutawa ko ta hannunsa ta jiƙe.

Akwai abin da ban zaci za a kula da shi ba. Na ambata cewa ina alwala kafin fita, sai wani saurayi daga cikinku ya ce in tabbata hannuna ya bushe sarai, har tsakanin yatsu, kafin in saka safa. Shi ne kuma ya gargaɗe ni kada in shanya ta a kan na'urar ɗumama ɗaki, fatar za ta bushe ta tsage. Idan kuma yatsa ya yi fari ya daina ji, kada a murza shi, balle a goga masa dusar ƙanƙara. A saka shi a hammata, ko cikin ruwa mai ɗumin jiki idan an isa gida, in bai dawo daidai ba a nufi asibiti.

Tun daga ranar na fita sau huɗu. Ta ƙarshe ma'auni yana kan 27 ƙasa da sifili, muka yi awa uku a daji, na dawo da yatsuna goma suna motsi, har na iya kwance hular kwano da kaina. Abokaina na nan sun ce kada in cika baki, domin a ƙauyen Pokka da ke Kittilä an taɓa auna 51.5 ƙasa da sifili a Janairun 1999. Na ce su riƙe abinsu, ranar irin wannan ina cikin bargo.

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara kasuwa, ya bar ku da wannan hali. Ranar Asabar zan shigo da wani sabon ɗalibi ɗan Damagaram, shi goya shi za a yi, kuma hannunsa ya fi nawa girma, don Allah a duba mana ko akwai babba daga cikin marasa yatsun nan. Zan taho wa Mama da ɗan dabino.

Naku,
Ɗalibi ɗan Sakkwato, mazaunin Rovaniemi