Zuwa ga masu sayen fim ɗin Super 8 a wajenmu: ku zo da kyamarar tukuna

Assalamu alaikum jama'a, 'yan uwa da abokan arziki na nan cikin Gombe da masu turo mana saƙo daga Bauchi, Kumo, Bajoga, Billiri da Dukku, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali ya kasuwa.

Magana ɗaya ce ta sa muka rubuto muku. Daga yanzu ba za mu ƙara sayar wa mutum kaset ɗin fim na Super 8 ba, wato fim ɗin tsofaffin kyamarorin ɗaukar hoto mai motsi, sai ya kawo kyamararsa mun gwada ta a gaban idonsa. Gwajin kyauta ne ko sisi ba za mu karɓa ba, ko a wajenmu ka saye ta, ko gwanjo ce ka yi oda ta intanet, ko ta marigayi Baba ce ka tsinta a ƙasan akwati. Na nesa kuma ku naɗe ta da kyau ku ba direba a tasha, mu za mu je mu karɓo.

Mun san wasu za su ce wannan kam takura ce, kuɗina ne ai, toh ku yi haƙuri ku ji dalili. Kaset ɗaya na Super 8 ƙafa 50 ne wato mita 15, hoto 3,600 ne a jere a ciki, in kana ɗauka a kan hoto 18 duk sakan zai ba ka minti 3 da sakan 20, in kuma 24 ne minti 2 da rabi shikenan ya ƙare, babu gogewa a sake kaman na waya. Farashinsa dala yake bi, ga kuɗin wanki ga na sikanin ga na aikawa. Wani bawan Allah ya ɗauki walimar saukar Alƙur'anin ɗansa da kaset biyu, ya yi ta zarya yana tambaya, da fim ya dawo sai ga shi baƙi ƙirin tun daga farko har ƙarshe, ashe motar kyamarar ƙara kawai take yi fim ɗin ko motsi bai yi ba. Wallahi ranar shagon tsit ya yi, don sauka kam ba a maimaita ta.

Ku tuna waɗannan kyamarori tsofaffi ne. A 1965 Kodak ya fito da Super 8, kuma yawancin su Canon, Nizo, Bauer, Elmo, Sankyo da Chinon ɗin da ke yawo a hannun mutane daga lokacin ne zuwa farkon shekarun 1980, ka ga ƙaramarsu ta haura shekara 40 a duniya. Abun farko da muke buɗewa gidan batir ne, sau da yawa sai ka tarar da wani farin gari ko kore-kore ya cinye ƙarafunan ciki saboda an bar batir ya fashe a ciki shekara da shekaru, wani lokacin gogewa kawai take so wani lokacin kuma wayar ta riga ta tsinke. Daga nan sai mu haska gilashin da tocila mu duba fumfuna, tana fitowa zare-zare a cikin gilashin ba a bayansa ba, don haka dan Allah kar ka yi ta dirza da bakin riga, karce shi kawai za ka yi. Sai gwajin jan fim, muna da kaset ɗin gwaji, mu ɗiga masa alama da maka a daidai tagar da fim ke leƙowa, mu saka mu danna na sakan biyu mu ciro, in alamar ta wuce toh tana ja, in tana nan inda take sai gyara.

Inda aka fi samun matsala kuma mutane ba su sani ba shi ne mitar auna haske. Da yawa cikin tsofaffin suna da wani ɗan ƙaramin batir nasu daban na mita, mai mercury a ciki, volt 1.35, an daina yinsa tuntuni saboda guba ne. Sai mutum ya je kasuwa ya sayo na agogo mai 1.5 ya cusa tunda ya shiga ramin, mitar ta ringa ba shi ƙarya, hoto ya fito da duhu. Mu batir ɗin na'urar ƙara ji ta kunne muke sawa, shi ya fi kusa da na asali, illarsa kawai da zarar ka ɓare takardar bayansa ya fara mutuwa ko ka yi aiki da shi ko ba ka yi ba, saboda haka kar a ɓare sai ranar ɗauka. Sannan kaset ɗin kansa yana da ɗan yanka a gefe wanda da shi kyamara ke gane ƙarfin fim ɗin, kuma masu arahar lamba biyu kaɗai suka iya karantawa, 40 da 160, shi ya sa sai mun ga kyamarar muke iya ce maka ga fim ɗin da zai dace da ita.

A yanzu abun da muke kawowa na Kodak ne. Ranarmu ta Gombe tana da ƙarfi, duk wanda zai ɗauki hawan Sallah a ƙofar fada ko zai je Dadin Kowa bakin ruwa ko duwatsun Tula, fim ɗin Vision3 50D muke ba shi shawara, yana fito da kalar rawani da kayan doki ras, kuma ko mitar ta ɗan kuskure yana jurewa. Na cikin ɗaki ko hol ɗin biki 200T ko 500T. Amma ku sani waɗannan ukun nagetif ne, ba a saka su a majigi kai tsaye, dole sai an yi sikanin an zuba maka a filash. Mai son ya kafa majigi a tsakar gida da daddare iyali su kalla a bango sai dai Ektachrome 100D, wanda Kodak ya dawo da shi a 2018, ko Tri-X baƙi da fari, mu kam a ranmu Ektachrome ya fi daɗin kallo nesa ba kusa ba, sai dai ba ya yafiya, haske ya yi yawa kaɗan fuska ta wanke.

Murya babu, tun 1997 aka daina kaset mai sauti, ka ɗauka da waya daban. In kuma ka tarar da tsohon fim ɗin Kodachrome a cikin kyamarar gado kar ka jefar, kawo mu gani, sai dai wankinsa mai kala ya tsaya tun ƙarshen 2010.

Ƙannenmu ɗalibai masu tambayar 16mm, wato fim ɗin da ya fi Super 8 faɗi, eh muna da kyamarar Krasnogorsk-3 ta Rasha ta haya, ba ta son batir wajen juyawa, wani ake mata kaman agogon bango, amma ita sai kun zauna mun koya muku zura fim da hannu kafin ta bar shago.

Sai maganar zafi. Maris da Afrilu nan garin ana kai digiri 40, fim kuma sinadari ne zafi na cinye shi tun kafin a ɗauka. Kar a bar shi a gaban mota ko a but ɗin mashin ko na awa ɗaya ne. A sa a leda a ƙulle a ajiye a firij, in za a yi aiki a fito da shi ya sha iska kaman awa biyu kafin a yage takardarsa don kar ya yi gumi, in wuta ba ta zama a unguwarku ku bar shi a wajenmu har ranar da kuke so, muna da sola. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, a canja kaset a cikin ɗaki ko a mota gilashi a rufe. Wanda aka gama ɗauka a dawo mana da shi da wuri. Masu tafiya Umara ko Hajji da fim a jaka, ku roƙi ma'aikatan filin jirgi su duba da hannu, sababbin na'urorin nan na CT suna lalata shi.

Wanki ba a nan muke yi ba, tarawa muke mu aika waje gaba ɗaya don kuɗin aikawa ya rabu a kan kowa, saboda haka a sa rai da wata ɗaya zuwa biyu. Masu tsofaffin fayafayan fim na gida, ku buɗe gwangwanin ku shinshina, in kun ji warin tsami ya fara ruɓewa kenan kuma yana shafar na kusa da shi, ku ware shi ku kawo mu haɗa da na sikanin.

Masu son fim na ƙaramar Sallah a kawo kyamara da kafin alƙalami kafin azumi ya raba, bayan nan ba mu da tabbacin kaya zai iso. Muna buɗewa kullum daga ƙarfe 9 na safe zuwa magariba, ranar Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci.

Mun gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Naku,
dukkanmu na shago, Gombe