Ba sakin kasuwa ne ya cuce mu ba, shel ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ni ɗan kasuwar amfanin gona ne a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, riɗi da dawa muke saye. Tunda aka saki fam, wato aka bar kasuwa ta yanke darajar kuɗinmu na Sudan, a watan Fabrairun 2021, dala ta tashi daga 55 zuwa wajen 375 a banki rana ɗaya, duk majalisar da ka zauna sai kaji ana tsine ma sakin kasuwa wai aƙidar Turawa ce aka ɗora mana. Ni dai ban yarda ba.

Eh, Adam Smith, masanin tattalin arziki ɗan Sikotland, ya rubuta a 1776 cewa mahauci da mai burodi ba tausayinka yasa suke ciyar da kai ba, ribarsu suke nema, kuma a haka kowa ke samu. Amma ai malamin tarihi Ibn Khaldun ya riga shi da kusan shekara 400, a littafinsa Muƙaddima ya ce in sarki ya shiga fatauci talakawa ne ke cutuwa kuma kuɗin haraji ya ragu. Kafin shi ma, da kaya suka yi tsada a Madina aka ce ma Annabi (SAW) ya yanke farashi, ya ƙi, ya ce Allah ne mai sa farashi, Anas ne ya ruwaito.

To amma abinda masu kare kasuwar ke tsallakewa, shi ya fi damuna. Annabin da ya ƙi yanke farashi shi ya hana ɓoye abinci, ya hana tare ayari a hanya kafin ya iso kasuwa, saboda mai kaya bai san farashi ba tukun. Mu kuwa muna da abinda ake kira shel, wato cin bashi a kan amfanin gona tun kafin girbi. Da damina manomi ba shi da kuɗin noma, sai ya je wajen mai shago ya karɓi bashi a kan buhun da ko fure bai yi ba, a farashin da mai kuɗi ya ga dama. Na ga dattijo ya sauke riɗinsa a bakin sito, ana aunawa yana lissafi da yatsu, ya tafi da buhunan wofi a kafaɗa, wallahi ko na magani bai rage masa ba. Wannan wace irin yarda ce tsakanin mai saye da mai sayarwa?

Dan Allah ku turo wakilinku lokacin yankan riɗi, wajen Oktoba, ya zauna da manoman ƙauyukan nan ya ji nawa aka ba su buhu da damina, nawa ya kai a kasuwar Gadarif.

Naku,
Mai karatunku daga Gadarif, Sudan