Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Tambaya Kan Kifayen Murjani

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Ka tambaye mu a bainar jama'a me ya sa wani kifin murjani (kifin da ke zaune a duwatsun murjani na teku) ƙwayoyin gadonsa kan bambanta daga tsibiri zuwa tsibiri, wani kuwa ko an tsallaka teku kusan iri ɗaya ne. Sai a fara duba inda 'ya'yan ke zuwa bayan ƙyanƙyasa.

Galibi igiyar ruwa ke kwashe su, su yi kwanaki ko makonni a tsakiyar teku kafin su sami wurin sauka, kuma wannan yawon ne ke gauraya jinin dangi. 'Ya'yan wani kifi mai suna Acanthurus triostegus kan kusan wata biyu a hanya, shi ya sa ake ganinsa daga gabar Afirka ta Gabas har Panama.

Kifin tsibiran Banggai na Indonesiya, Pterapogon kauderni, ba ya wannan yawo. Namiji ke riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe, yana furzo 'ya'yan su shige tsakanin ƙayoyin bushiyar teku, su girma a nan. Garke biyu da 'yan kilomitoci kawai suka raba sai a tarar jininsu ya bambanta. Idan masu kama kifin ado suka kwashe garke ɗaya, babu maƙwabcin da zai cike gurbinsa. A 2007 aka sa shi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

Amma kada ka ɗauka yawan kwanaki ne kaɗai ma'auni. A binciken da aka wallafa a 2007 kan tsibirin Kimbe na Papuwa Niyu Gini, kifi mai yawon kwana 11 da mai yawon kusan kwana 38 duk kusan kashi 60 cikin 100 na ƙananan da suka sauka haifaffun wurin ne. 'Ya'yan suna iyo, suna bin ƙanshi, suna zaɓen gida. A ganinmu wannan ɗabi'ar ce aka fi rainawa.

In za ka gwada da kanka, tsakuri gefen fiffiken kifi kamar 30 a kowane wuri, ka jefa a sinadarin etanol mai ƙarfin kashi 95. Kada ka sa a sinadarin fomalin, yana lalata ƙwayoyin gado. Kada ka kwashi samfur daga ƙyanƙyasa ɗaya, don 'yan uwa ɗaya za su nuna maka bambancin da babu shi. Haka kuma ƙwayoyin gado na mitokondiriya (sashen ƙwayar halitta mai samar da kuzari) tsatson uwa kaɗai suke nunawa, sai ka haɗa da na cibiyar ƙwayar halitta kafin ka yanke hukunci.

Wassalam.